Shadli Mai Kanta a Taron Lahadi

Shadli bai taɓa yarda cewa shi mashayi ba ne. A wurinsa mashayi shi ne wanda yake zaune a wancan gefen kanta. Shi kuwa a wannan gefen yake tsaye, da farar riga da tsumma a kafaɗa, tun yana da gashi a ka, a wata tsohuwar mashaya da ke bayan Bab Bahar a birnin Tunis. Abin da yake yi sunansa ɗanɗano. In sabon kaya ya iso sai ya ɗanɗana, kada a cuci jama'a. In wani ya samu ƙaruwa ya ce a zuba wa kowa, ai rashin kunya ne mai zubawa ya ware kansa. In wani ya yi rashi kuwa, ta'aziyya ce. Kafin la'asar ya taya rabin gari murna, ya taya ɗaya rabin baƙin ciki, ya nufi gida yana gaisawa da turakun lantarki.

Babbar hujjarsa ita ce azumi. Duk shekara ana rufe mashaya a watan Ramadan, ya kwashe watan cur ko ɗigo bai sa a baki ba. Matarsa Mabruka ce kaɗai ta san yadda watan yake wucewa. A kwanakin farko hannunsa yana rawa har cokalin miya ba ya isa baki da komai a ciki. Ya yi faɗa da maƙwabta, ya yi da kyanwa, ya yi da mai karanta labarai a talabijin. Ranar da za a sake buɗe mashaya kuwa, yakan riga mai mukulli isa ƙofa.

Abin da ya karya masa gwiwa ya faru ne wata Asabar da yamma. 'Yarsa Salwa, ma'aikaciyar jinya, ta daidaita da wani saurayi mai suna Anis, iyayensa za su zo neman aure. Mabruka ta yi masa kashedi tun da asuba. Ya yi mata rantsuwa, ya kuma cika rabin rantsuwar, domin da azahar ya baro aiki. Sai dai kafin ya baro ya ɗan kora wani abu don zuciya ta kwanta, zuciyar kuwa ta ƙi kwanciya da wuri.

Aka ƙwanƙwasa, shi ya buɗe. Ga uban ango da jar dara da carbi, ga uwar ango a lulluɓe da farin mayafi, ga tiren alewar baƙlawa. Shadli ya ƙura wa mutumin ido, fuskarsa ta washe.

"A'a! Si Tijani! Ashe kai ne! Wallahi darar nan ce ta ɓatar da ni. Shigo, shigo, yau ta ƙofar gaba za ka shiga, ba ta baya ba. Me za a kawo, irin na kowace Talata? Bukha biyu da soyayyen kifi?"

Bukha giyar ɓaure ce, kuma babu wanda ke tsaye a ƙofar nan da bai san haka ba. Uwar ango ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Hajj," ta ce, "ba wurin likitan gwiwa kake zuwa ranar Talata ba?"

Ko shayi ba su sha ba. Da suka tafi Salwa ba ta yi kuka ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Baba, irinka nake wankewa kowace safiya a asibiti. Su ma duk ɗanɗano suke yi." Daga nan ta daina yi masa magana. In tana son gishiri a wurin cin abinci sai ta tashi ta zagaya ta ɗauko a gabansa.

Bayan kwana biyu Mabruka ta aike shi babbar kasuwa sayen kifi, ba don tana son kifin ba, don dai ya bar mata gidan. Yana cikin taɓa cikin wani kifi sai ya ji an dafa shi. Ya waiga, kwandon ya kusa faɗuwa.

"Innalillahi! Munsif? Ba ka mutu ba?"

Munsif tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Shekara da shekaru kujerarsa ɗaya a mashayar, a lungun da ke kusa da bayi, ga shi siriri kamar tsinken tsire. Yanzu kuwa ya yi kumatu har da tumbi.

"Wa ya ce maka na mutu?"

"Ni na ce. Mutum ya ɓace ba sallama, ina zai je in ba maƙabartar Jallaz ba? Har hularka da ka manta muka rataye a ƙusa, muka sha don tunawa da kai. Firjani direban tasi har kuka ya yi."

"Ya gaya mini. Muna tare duk Lahadi."

"Wane Firjani? Ba Libiya ya tafi ba?"

"Kai dai, Shadli, duk wanda ya daina sha sai ka kashe shi ko ka fitar da shi ƙasar waje." Munsif ya duba fararen idanun Shadli da suka koma ruwan ɗorawa, ya duba hannun da ke riƙe da kwando. Ya rage murya. "Muna haɗuwa a unguwar Lafayet, a saman makarantar koyon tuƙi, kusa da mai gyaran takalmi. Lahadi da hantsi. Babu liman, babu likita, babu ɗan sanda. Mu ne kawai, da kofi marar daɗi."

"Ni me zan je yi? Ni ma'aikaci ne."

"Ka zo ka ga gawawwakinka."

Lahadi ranar hutunsa ce. Ya ce wa Mabruka aski za shi. Ta dubi sanƙonsa kawai.

Makarantun koyon tuƙi a Lafayet sun fi masu motar yawa. Ya shiga ta farko, aka nuna masa farashi. A ta biyu ya tambayi ko akwai taro a sama, mai gadi ya ce sama gidansa ne, taron da ake yi a can shi da matarsa ne, kuma ba a gayyata. Da ya gano ta uku, mai gyaran takalmi a gefenta, sai ƙafarsa ta ƙi shiga. Ya wuce kamar mai zuwa wani wuri. Ya dawo ya tsaya yana karanta allon alamomin hanya da ke jikin taga, kamar yau ya fara ganin alamar tsayawa. Mai gyaran takalmi ya ɗago kai, da ƙusa a baki, ya nuna masa ƙofa da guduma.

A ciki wata budurwa ce a bayan tebur tana shafa jan farce.

"Barka da zuwa, Ammi. Ƙaramar mota ko babba?" Ammi shi ne baffa a bakin mutanen garin.

"A'a, 'yata. Wani abokina ne... ba ni ba, wani abokina, ya ce akwai wani ɗan zama da ake yi..."

Ba ta ko ɗago ba. Ta karkata kai wajen matakala ta kwarara murya yadda har mai takalmi sai da ya ji: "Madam Jalila! Ga wani mai aboki nan!"

Ɗakin na sama ajin koyar da dokokin hanya ne. Kujerun roba a zagaye, hoton shataletale a bango, tsohon sitiyari a kan kabad. Mutum goma sha wani abu ne a zaune. Shadli ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ya ga rabinsu nasa ne. Ga Munsif. Ga Firjani da gashin bakinsa. Ga wani lauya da ya taɓa yin barci a ƙarƙashin teburin ƙarshe har aka kulle shi a ciki. Ga wani mai gyaran firji da Shadli ya gaya wa kowa cewa ya shiga ɗarika.

Firjani ne ya fara magana.

"La ilaha illallahu. Har nan kuka fara kawowa? Ba mu yi oda ba!"

Aka fashe da dariya, wasu har da buga cinya. Wata dattijuwa mai gajeren farin gashi da tabarau a rataye a wuya ta ƙwanƙwasa biro a kujera sau ɗaya, kowa ya nutsu. Ita ce Madam Jalila, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, kuma har yanzu ba ta san ta yi ritaya ba.

"Zauna, ɗan'uwa. A nan sunan farko kawai muke faɗa, abin da aka ji kuma a nan yake kwana. In ka ga ɗayanmu a titi ba ka san shi ba sai in shi ya fara gaishe ka."

"Wannan darasin da makon jiya aka ba ni shi," Shadli ya ce ƙasa-ƙasa. Ya zauna a bakin kujera. "Sunana Shadli."

"Mun sani!" ɗakin ya amsa baki ɗaya.

"Ni kallo na zo. Ni ba irinku ba ne, ku yi haƙuri. Ni duk azumi nake ajiye ta wata guda, ko a jikina."

Mai gyaran firji ya ɗaga hannu. "Wa ke ajiyewa da azumi a nan?"

Hannu ya tashi ko'ina, har da na wani Kirista ɗan Malta da ke can ƙarshe, wanda ya ce shi dole ce ta sa, tunda duk sun rufe.

"Ni kuma," Madam Jalila ta ce, "na yi shekaru ina gaya wa kaina ni ba mashayiya ba ce tunda ban taɓa taka mashaya ba. A butar shayi nake zubawa, a ofis, ina yi wa yara wa'azin tarbiyya. Ba ka san fuskata ba, amma ka san ni. Ni ce goggon Firjani."

Shadli ya buɗe baki. Shekaru Firjani yana zuwa ƙofar baya yana karɓar kwalba a cikin jarida, wai goggonsa ce ke shafawa a ƙafa saboda sanyin ƙashi.

"Allah ya ƙara sauƙin ƙafa, Madam," ya ce.

Aka zagaya, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Babu mai katse wani, babu mai ba wani shawara. Wannan ya ba Shadli mamaki, shi da ya saba da wurin da mutum biyar ke magana lokaci ɗaya kuma kowa ya fi shugaban ƙasa sanin mulki. Lauya ya ce ya wuce ta gaban shagon giya sau da yawa ranar Alhamis, ƙarshe ya shiga shagon kusa ya sayi safa. Aka ce masa an gode. Da aka zo kan Firjani sai ya juya kujerarsa ya fuskanci Shadli, dariyar nan duk ta tafi.

"Ranar da na hau kan dakalin makarantar yara da tasi, daga wurinka na fito. Ka ga ina neman mukulli a aljihun da ba shi da shi. Ka ƙara mini ɗaya, ka ce ta hanya ce. Allah ya sa an riga an tashi yaran. Na daɗe ina cewa in na gan ka sai na fasa maka baki. Yanzu ga ka, kuma na san hannuna ne ya ɗauka. Amma sai da na faɗa."

A bayan kanta Shadli yana da amsar kowace magana, a nan kuwa babu kanta, babu tsumman da zai goge wani abu da shi. Madam Jalila ta ce, "Mun gode, Firjani," aka wuce kan na gaba.

Da aka tashi aka miƙo masa kofi a kofin roba. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Wa ya dafa wannan?"

Munsif ya ɗaga hannu da alfahari.

"Ashe da gaskiyata da na ce ka mutu. Wannan ruwan wankan gawa ne. Mutum ya bar giya ya zo a ba shi wannan, ba dole ya koma ba?"

Lahadi mai zuwa ya dawo, wai don kofin kawai. Ya zo da garinsa da ƙaramar tukunyarsa da ruwan furen lemo a kwalba. Ya tsaya a bayan teburin malamin tuƙi yana zubawa, tsumma a kafaɗa, ya san wa ke son sukari wa ba ya so. Daga nan inda yake tsaye yake jin komai. Bai ce ya daina sha ba, amma ran Litinin da sabon kaya ya iso sai ya ce wa mai kawowa ya yarda da shi, ba sai ya ɗanɗana ba. Munsif ya sa ya je asibiti tukuna, ya ce irin shansu ba a yanke shi kai tsaye ba tare da likita ba, in ba haka ba mutum ya fara ganin ɓeraye a silin. Ya je can wani asibiti nesa da na Salwa, aka ba shi ƙwayoyi da faɗa.

Aiki ya zama azaba. Bai taɓa sanin mashayar tana wari haka ba. Bai taɓa sanin labarin da wani tsohon ɗan dambe ke bayarwa kullum guda ɗaya ne ba. In an ce a zuba wa kowa sai ya zuba wa kansa ruwan soda da yankan lemo, ya ce ulsa ce. Ya yi makonni a haka, har Mabruka ta fara sansana shi a ƙofa tana kallonsa da zargi, kamar rashin warin wani sabon laifi ne.

Sai ranar da ƙungiyar ƙwallon unguwar ta ci kofi. Wasan rana ne, mashaya ta cika har titi, ana rungumar juna ana kuka. Wani ya danƙa masa kofin giya a hannu. Shi dai bai tuna ya yanke shawarar komai ba, ya ga kofin babu komai a ciki kawai. Na biyu shi ya zuba da kansa. Lahadin nan bai je Lafayet ba.

Ran Litinin da azahar yana goge kanta da kai kamar an sara, sai ya ji ana kiransa daga waje. Munsif ne tsaye a titi, tsinin takalminsa daidai bakin ƙofa.

"Shigo mana," Shadli ya ce.

"Ba na shiga. Na san ƙafata, ta san hanyar lungun can."

Tsofaffin kwastomomi suka waiga. Ɗan damben ya ajiye kofinsa a hankali ya fara karanta abin da ya tuna na Ayatul Kursiyyu.

"To me ka zo yi?"

"Jiya ni na dafa kofi. Lauya ya ce zai kai ƙara."

"Munsif, ka tafi. Na sha. Na sha Asabar, na sha jiya, yau ma ban san yadda za ta ƙare ba."

"To sai me? Kana tsammanin kai ka fara? Ni sau nawa na koma, tambayi Madam, har a jana'izar surukina. Ba a korar kowa. Ka zo ko da rarrafe ne."

"Da wace fuskar?"

"Da wannan mummunar da muka saba."

Duk wannan da ƙarfi ake yinsa, ɗaya a ciki ɗaya a waje, mutum ashirin suna saurare da baki buɗe. Shadli ya miƙa hannu ya ciro hular da ke rataye a ƙusa, ya kaɗe ƙurar, ya fito har bakin ƙofa ya miƙa masa. Munsif ya gwada, ta ƙi shiga kansa.

"Har kanka ya yi ƙiba," Shadli ya ce.

Lahadin da ta biyo ya hau matakalar, bai je bayan teburin kofi ba. Ya zauna a cikin da'irar. Da aka zo kansa ya daɗe yana kallon hoton shataletale.

"Sunana Shadli," ya ce. Wannan karon babu wanda ya ce an sani. "Ni mashayi ne. Na fi ku duka, don ku sai kun biya kuɗin mota kun zo, ni a ciki nake kwana a ciki nake tashi. 'Yata ba ta yi mini magana. Tun tana ƙarama in na dawo takan ɓoye littattafanta kada in zauna a kansu. Ni a zatona wasa muke yi." Ya ɗaga hannu alamar ya gama.

"Mun gode, Shadli," Madam Jalila ta ce.

Firjani ya zaro hankici daga aljihu ya jefa masa a cinya ba tare da ya dube shi ba. "Share hancinka ka tashi. Ruwa ya tafasa."

Tun daga nan wani sabon hali ya same shi a wurin aiki. In ya ga mutum ya kai inda ya kai, sai ya ce kaya sun ƙare, alhali ga kwalabe a jere a bayansa. In direba ne sai mukullinsa ya ɓace, ba ya bayyana sai gobe. Wasu kuma, waɗanda ke zuwa tun kafin a ɗaga ƙofa hannu na rawa, yakan sunkuya yana goge gabansu ya ce, "Lafayet, saman makarantar tuƙi, Lahadi da hantsi. Kofin da daɗi." Yawanci zagi yake samu. Ɗaya ya watsa masa wake a fuska. Amma wani matashi ma'aikacin banki mai suna Kais, mai zuwa da hutun azahar da taye a wuya ya shanye uku a tsaye ya tauna na'ana'a, ya dube shi kawai, ran Lahadi kuma sai ga shi yana karanta alamomin hanya a taga.

Maganar ta kai kunnen mai mashayar, Si Balgasim, wanda shi kansa madara kawai yake sha. Ya kira shi lungun ajiye kwalabe.

"Shadli, mai kanta na ɗauka ko mai wa'azi?"

"Mai kanta, Si Balgasim."

"To me ya sa nake jin kana raba wa mutane adireshi? Ka taɓa ganin mahauci yana aika mutane wurin mai latas?"

"Waɗanda suka kusa mutuwa kawai nake turawa. Matacce ai ba ya saye."

"Kafin ya mutu yana saye!"

Shadli ya cire tsumman daga kafaɗa, ya ninke shi, ya ɗora a kan akwati. Ya so ya yi wata magana mai nauyi wadda za a riƙa tunawa, amma abin da ya fito shi ne, "Famfon bayi yana yoyo, sai an ɗaga hannun sama." Ya fita.

Ya yi zaman gida har Mabruka ta fara cewa gara lokacin da yake sha, aƙalla ba ya gyara mata jeren kofuna. Daga baya Firjani ya samo masa aiki a wani gidan kofi a tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Halk al-Wad, inda direbobin tasi ke karyawa. Albashin bai kai na da ba, kuma masu shan kofi ba sa rungumar mai zubawa su ce shi ne ubansu.

Auren Salwa kuwa an yi shi da bazara. Uwar ango ce ta tsaya kai da fata. Ta ce a duk mazan da ta sani Shadli ne kaɗai ya taɓa gaya mata gaskiya, ko da bai yi niyya ba. Hajj Tijani ya zauna a wurin biki da kwalbar lemo a gaba, matarsa a gefe, bai ko kalli inda surukinsa yake ba. Salwa ba ta yi wani jawabin yafiya ba. Wata safiya dai kafin bikin ta tsaya a gabansa, ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa ta leƙa, ta ce, "Ya fara fari. Miƙo mini gishiri, Baba."

Wata Laraba da rana, gidan kofin ya cika, jirgi ya sauke mutane, Shadli na ɗauke da tire cike da kofuna, wayarsa ta yi ƙara. Kais ne. Tun da ya fara zuwa taron ya zaɓi Shadli a matsayin wanda zai riƙa kira in abin ya motsa, duk da Shadli ya gaya masa ya nemi mai hankali.

"Ammi Shadli, ina gaban shagon. Manaja ya zage ni a gaban kowa. Kwalba ɗaya kawai, ƙarama."

"Wane shagon?"

"Na bayan gidan wasan kwaikwayo."

"Ka shiga?"

"Ƙafa ɗaya."

"To fito da ita, ta banki ce, ba taka ba. Me ke gefen shagon?"

"Mai sayar da tsuntsaye."

"Shiga can ka tambayi kuɗin aku. Ka yi ciniki sosai, kada ka saya. Ga ni nan."

"Ammi, ni me zan yi da aku?"

"Shi ma bai san me zai yi da kai ba. Ka riƙe waya, kada ka kashe."

Ya dire tiren a kan teburin wasu direbobi, ya ce kowa ya nemi nasa. Mai gidan kofin ya leƙo daga bayan injin yana ihu, ina za shi da tsakar ciniki. Shadli ya ce ɗansa ne ba lafiya. Mutumin ya ce yaushe ya haifi ɗa namiji. Shadli ya riga ya tsallaka titi, waya a kunne, yana haki, yana kaucewa motoci. Ta cikin wayar yana jin Kais yana tambaya cikin ladabi ko akun yana jin Faransanci, mai shagon yana rantsuwa cewa har waƙa yake yi in ya saba da mutum.